Saura wata huɗu biki, wane shirin girki zan riƙe?

Ummi Ɗorayi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kar a yi min dariya. An sa ranar bikina, saura wata huɗu. Ni kuwa girkina bai wuce dafa-duka da taliya da suyar ƙwai ba. Makarantar kwana na yi, daga nan sai jami'a, in na zo hutu kuma Umma da Yaya sun riga sun gama komai. Yanzu kullum ina gaban talabijin ina kallon masu girki, amma sun yi min yawa, kowa da irin hannunsa. Wane shiri za ku ce in riƙe? Wa ya fi iya koyarwa? Cikin gari za a kai ni, kuma an tsegunta min cewa surukata ba ta wasa da tuwon dare.

Maman Haidar: Wa alaikumus salam. Ayyiriri! Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Ummi ba sai kin wahalar da kanki ba, ki riƙe Akushi da Rufi na Arewa24. Da Hausa ake yi, kayan da ake amfani da su mafi yawa za ki same su a kasuwar Rimi ko Yankaba, kuma ana haɗa na gargajiya da na zamani. Wanda ya wuce ki ki neme shi a YouTube, ki tsayar, ki mayar baya yadda kike so. Ni littafi guda na ware, ina kallo ina rubutawa.

Zee Rijiyar Zaki: Allah ya sa a yi da mu. Amma ni dai ina ganin ki haɗa da na waje. Ki kalli MasterChef, ki kalli Food Network. A nan za ki ga yadda ake riƙe wuƙa, yadda ake jera abinci a faranti har mutum ya ji yunwa tun bai ɗanɗana ba. Mazan yanzu ido suke fara ci da shi.

Anti Bilki mai girkin biki: Zee, yarinya ta ce miki surukarta tuwon dare take so, ke kina tura ta wajen masu ɗiga miya a gefen faranti kamar ana yi wa jariri kwalli.

Zee Rijiyar Zaki: Kai Anti 😂

Anti Bilki mai girkin biki: Allah da gaske nake. Ummi ƙanwata, zauna ki ji. Shekarata goma sha ina girkin biki da suna, kuma ni ma ina kallon shirye-shiryen nan, ban raina su ba. Amma akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki ɗora tukunya kina bin su. Shirin minti talatin ne, a ciki har da talla. Waina kuwa tun jiya ake jiƙa shinkafarta, a kai niƙa, a zuba dafaffiyar shinkafa da yis, a rufe ƙullun a ajiye a wuri mai ɗumi sai ya tashi. Wannan jiran ba a nuna shi. Za ki ga ta rufe roba, an tafi talla, an dawo, ta buɗe wata robar da aka kwaɓa tun safe. Ke kuma kina gida kina duba agogo kina cewa me ya sa nawa bai tashi ba. Na biyu, ba ita kaɗai ba ce a kicin ɗin. Akwai waɗanda suka gyara kayan miya, suka yanka albasa, suka wanke nama, suka jera komai a 'yan kwanoni kafin a kunna kyamara. Ke kuwa ke ce mai yanka, ke ce mai jajjage, ke ce mai wanke-wanke, ga mai sallama a ƙofa. Na uku, wanda ya ƙone ba a nuna miki. Sai ki ɗauka ke kaɗai ce tuwonki yake gudaji a duniya.

Maman Haidar: Wannan gaskiya ne. Ranar da na fara bin wata a talabijin na yi alkubus, ba zan faɗi tashar ba, cewa ta yi a bar kwaɓin "ɗan lokaci kaɗan". Na ba shi minti goma na zuba a gwangwani na turara. Abin da ya fito, da za a jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Baban Haidar ya ɗauka ya jujjuya ya ce, wannan na ci ne ko na gini?

Ummi Ɗorayi: Innalillahi, ni fa irin wannan nake tsoro 😭

Maman 'Yan Biyu: Ummi kar ki tsorata, kowa da haka ya fara. Ni nawa ra'ayin daban ne kaɗan. In kuna da setalayit mai kama tashoshin Larabawa, ki leƙa CBC Sofra ta Masar, ki kuma nemi Manal Al Alem. Matar nan tana da natsuwa, ba ta gaggawa, kuma komai sai ta auna a gabanki, kofi kaza, cokali kaza. Ko ba kya jin Larabci sosai idonki zai gane. Shef Sharbini kuma mutum ne mai barkwanci, yana girki yana hira kamar kawunka ya zo gidanku. Abin da ya sa nake son nasu, cimarsu ta fi kusa da tamu a kan ta Turawa: shinkafa, naman rago, kaza, kanumfari, kirfa, citta, ga shi ba ka fargabar a ɗauko naman alade ko a tsiyaya giya a tukunya. A wajensu na koyi shinkafar kabsa da basbusa, kuma da azumi su ne abin kallona bayan la'asar.

Zee Rijiyar Zaki: Maganar giya da alade kam gaskiya ce, a na Turawa sai kana kawar da kai. Amma Anti ku bar ni da Gordon Ramsay. Mutumin nan ya san aiki. Gidan abincinsa na Landan yana riƙe da taurari uku na Michelin tun 2001, kuma wannan ita ce ƙololuwar daraja a wajensu. A wajensa na koyi cewa ba a jefa nama a kasko sai kaskon ya yi zafi sosai, kuma in an gasa a bar shi ya huta kafin a yanka don kar ruwansa ya tsiyaye.

Malama Hadiza: Ya san aiki, amma bakinsa fa? Ni na hana kunna Hell's Kitchen a falona. Mutum da girmansa, da 'ya'yansa a gida, a tsaya a kansa ana zaginsa ana watsar da abincin da ya dafa a kwandon shara. Abincin da ake zubarwa ya fi zagin ɓata min rai.

Zee Rijiyar Zaki: Malama ai na wasan talabijin ne. Ki kalle shi a MasterChef na yara, har durƙusawa yake yana lallashin yaro in ya fashe da kuka.

Malama Hadiza: To ashe ya iya magana mai daɗi, ya zaɓi ta banza saboda ita ke kawo 'yan kallo. Kin ƙara min hujja.

Hajiya Inna Yakasai: Salamu alaikum. Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa, don idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Amarya Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya. Tun ɗazu ake karanta min maganganunku ina dariya. Mu lokacin da aka kai mu ɗaki babu wani akwatin da zai koya maka tuƙa tuwo. Daga baya ne aka fara nuna girki a NTA, wani shiri na Maggi, sai kuma tasharmu ta jiha da muke kira CTV, wadda yanzu ta koma ARTV. Mukan taru a gidan mai talabijin mu kalla, mu ce oh, ji yadda ake girki a tsaye kamar ana aikin asibiti. Mu a tsugune muka sani, gaban murhu, hayaƙi na shiga ido.

Abin da zan faɗa miki 'yata shi ne, tuwo ba a ido yake ba, a damtse yake. Talabijin za ta nuna miki an yi talge, an rufe ya dahu, an zuba gari ana tuƙawa. Amma ba za ta sa ki ji nauyin muciya a hannunki ba lokacin da tuwon ya ce ya isa gari. Ba za ta sa ki ji ƙamshin da ke gaya miki talgen ya nuna ba, wanda in kika yi gaggawa kika zuba gari kafin nan, tuwon zai yi ɗanye-ɗanye, gobe da safe ya saki ruwa. Haka miyar kuka. Kowa ya san ana kaɗawa, amma sai kin tsaya kusa da mai yi za ki ga yadda take barbaɗa kukar da hannun hagu kaɗan-kaɗan tana burgawa da dama, da inda take tsayawa. Ban taɓa auna kuka da cokali ba tunda nake. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Maman Haidar: Hajiya Inna ikon Allah. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Anti Bilki mai girkin biki: Hajiya kin gama magana. Sai dai zan ɗan kare masu awo, ki yafe min. Idonki ya san kima ne saboda ya shekara hamsin yana gani. Idon Ummi bai san komai ba tukuna. In aka ce mata "ki zuba daidai misali", an bar ta a duhu. Wannan shi ne babban abin da nake ƙorafi a kai game da masu girkinmu na Hausa, na talabijin da na waya duka: "ki zuba ruwa daidai", "ki sa kanwa 'yar kaɗan", "ki bar shi ya ɗan jima". Kaɗan ɗin wa? Larabawa da Turawa sun fi mu a nan. Ni da nake dafa wa mutum ɗari uku, da ban koma awo ba da tuni na karye. Gwangwanin madara nake amfani da shi, na san gwangwani nawa ke cikin kwanon awona, na san ruwa nawa kowace irin shinkafa take sha, don 'yar Hausa da 'yar waje ba shan ruwansu ɗaya ba.

Saboda haka Ummi, duk mai girkin da za ki bi, ki duba abu uku. Tana faɗin awo? Tana faɗin minti nawa, da ƙarfin wuta? Tana gaya miki abin da zai faru in kin kuskure, da yadda za ki gyara? Wadda ta ce miki "in ɗanwakenki yana narkewa a ruwa, kuka ce ta yi kaɗan, ki ƙara, kuma kar ki jefa sai ruwan ya tafasa sosai", wannan malama ce. Wadda kawai take murmushi tana juya cokali da zobba a yatsu biyar tana cewa "hmm, ƙamshi", wannan ado ta zo nunawa.

Zee Rijiyar Zaki: Zobba a yatsu biyar 😂😂 Anti kin gama da su. Ga lalle har gwiwar hannu, ga dogon hannun riga yana leƙa tukunya.

Malama Hadiza: Wannan na zobe da farce ba abin dariya ba ne ma. Duk mai kwaɓa fulawa da zobe a hannu, datti na maƙalewa a ƙarƙashinsa. A nan kam zan yaba wa shirye-shiryen waje: za ki ga katakon yanka ɗanyar kaza daban, na ganye daban, kuma ana wanke hannu bayan an taɓa ɗanyen nama. Wannan darasi ne da ya kamata kowace amarya ta ɗauka.

Amma abin da ya fi damuna shi ne dunƙule. Ku lura, shirye-shiryen girki da yawa a ƙasar nan kamfanonin kayan ɗanɗano ne ke ɗaukar nauyinsu. Ba laifi ba ne, da kuɗinsu ake yin shirin, kuma ana koyon abubuwa. Amma ai ba za ki sa ran wadda kamfani ya ɗauka ta ce miki ki rage kayan kamfanin ba. Sai ki ga tukunyar mutum huɗu an ɓare dunƙule huɗu, an kawo gishiri an ƙara. Alhali shi kansa dunƙulen gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a cikin wannan har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da komai. Ga hawan jini ya yi mana katutu a gidaje. Ummi in surukarki dattijuwa ce, ki tambaya ko tana da shi kafin ki fara yi mata girkin talabijin.

Hajiya Inna Yakasai: Malama Allah ya biya ki. Daddawa fa? Daddawar kalwa mai kyau, a daka ta da citta da masoro da barkono da 'yar albasa, a sa a ruwan nama ta dahu sosai har warinta ya koma ƙamshi. In kin yi haka dunƙule ɗaya ya ishe ki, wani lokaci ma ba kya nema. 'Yan matan yanzu sai su ce wai tana wari. Ba ta dahu ba ne.

Maman 'Yan Biyu: A yi adalci dai, na sha ganin an sa daddawa a Akushi da Rufi in ana miyar gargajiya. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Maman Haidar: Sosai. Ni abin da nake so da shirin ke nan, ba sa jin kunyar abincinmu. Sunan ma kaɗai ya isa, akushi. Yarana ba su san mene ne akushi ba sai da na nuna musu na kakarsu, baƙi, na itace, da aka sassaƙa. Tunda aka buɗe tashar a 2014 mutanenmu na Nijar da Ghana da Kamaru ma suna kallo, ƙanwar mijina da ke aure a Maraɗi takan kira ni ta ce kin ga na wannan satin?

Fa'iza Naibawa: Ni dai tambayata ɗaya, su waɗannan masu girkin a wace kasuwa suke cefane? Kaza biyu, bota rabin gwangwani, cukun Turawa, kirim, a kunna obin awa guda. Mu nan wuta in ta zo sai ka yi sauri ka caja waya. Gas kuwa yanzu lallaɓa shi ake, wake ma a gawayi nake dafawa. Ina son in ga shirin da za a ba mace abin da magidanci ke bayarwa da safe a ce ta ciyar da mutum bakwai rana da dare. Ranar zan yarda gwana ce.

Anti Bilki mai girkin biki: Fa'iza wannan shirin ai ku ne taurarinsa, kyamara ce kawai babu. Amma maganar obin, ba dole ba ne. Ki samu babbar tukunya mai kauri, ki zuba yashi mai tsabta ko ƙananan duwatsu a ƙasa, ki ɗora a gawayi ta yi zafi, ki sa gwangwanayen kek ɗinki a kai ki rufe, ki ɗan zuba garwashi a kan murfin. Wutar ƙasa kar ta yi yawa. Da haka na yi kek ɗin bikin ƙanwata tun kafin in mallaki obin. Gurasar da ake yi a Jakara ai ba da lantarki ake gasa ta ba, tanderu ne, kuma babu obin ɗin da zai ba ki wannan ƙamshin.

Zee Rijiyar Zaki: To ya kuke gani game da Hilda Baci? Ni dai ta burge ni. A watan Mayun 2023 ta tsaya a Legas tana girki kwana huɗu, masu kundin bajinta na duniya na Guinness suka tabbatar mata da awa 93 da minti 11. Ta karya tarihin wata 'yar Indiya, Lata Tondon, mai awa 87 da minti 45.

Fa'iza Naibawa: Ba awa ɗari ta yi ba?

Zee Rijiyar Zaki: Ɗari ta yi a tsaye, amma an zaftare mata kusan awa bakwai saboda ta ɗan wuce lokacin hutun da aka ƙayyade a wani zango. Kafin shekarar ta ƙare kuma wani ɗan Ailan mai gidan abinci a Japan, Alan Fisher, ya yi awa 119 da minti 57 ya karɓe. Sai ta dawo a Satumbar 2025 ta dafa jalof mafi yawa a tukunya ɗaya, kilo 8,780.

Hajiya Inna Yakasai: Yarinyar ta yi ƙoƙari, Allah ya ba ta lada in ta ciyar da mabuƙata. Amma ku tambayi duk matar da ta taɓa riƙe girkin gidan yawa da azumi, kwana talatin, kunu da ƙosai da abincin buɗa-baki da na sahur, ga goyo a baya. Ba wanda ya riƙe mata agogo.

Maman Haidar: 😂 Hajiya a kawo Guinness Yakasai kawai.

Malama Hadiza: Ni ina ganin a raba abu biyu. Akwai shirin nishaɗi, akwai shirin koyo. Gasar girki, da karya tarihi, da masu ihu a kicin, duk nishaɗi ne, a kalla a more. Ummi kuma koyo take nema. Kar ta zauna tana kallon gasa ta ɗauka karatu take.

Maman 'Yan Biyu: Kuma shahara ba ta nufin mutum ya iya kowane abinci. Ba ku tuna abin da ya faru da Jamie Oliver, shahararren mai girkin nan na Birtaniya, a 2014 ba? Ya fitar da tasa jalof ɗin, da ganyen fasili da yankan lemon tsami da tumatir ƙwaya-ƙwaya a kai, mutanen Afirka ta Yamma suka yi masa ca a intanet. Gwani ne a nasu, amma da ya shigo namu sai ya zama ɗan koyo. To haka in kin ga wata daga nesa tana koya miki miyar taushe babu kabewa babu gyaɗa babu yakuwa, ki gaishe ta ki wuce.

Zee Rijiyar Zaki: Na Indiya fa? Mu da muka tashi da finafinansu. Sanjeev Kapoor a 1993 ya fara shirin Khana Khazana a Zee TV, ya kuma shekara da shekaru yana yi. Dabarar da na ɗauka a wajen Indiyawa ita ce a fara soya kayan ƙamshi a mai kafin a zuba komai, ƙamshin ya fi fitowa. Na gwada a miyar dage-dage, har maƙwabciyata ta leƙo.

Hajiya Inna Yakasai: Wannan ai mun daɗe muna yi, soya man shanu da albasa kafin a zuba a tuwo mene ne? Ba komai, ku ce daga Indiya kuka ji.

Ummi Ɗorayi: Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Ina ta rubutawa. Amma yanzu kaina ya ɗan ƙulle. In fara da wanne ke nan?

Anti Bilki mai girkin biki: Ki fara da kashe talabijin ɗin gobe da yamma ki shiga kicin ki ce wa Ummanki yau ni zan yi tuwo, ki zauna kusa ki gyara min. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wata huɗu ba yawa gare shi ba. Ga yadda zan tsara miki in ni ce. Watan farko tuwo da miya kawai: tuwon shinkafa, na masara, na dawa in suna ci, da kuka, da kuɓewa ɗanya da busasshiya, da taushe. Kowanne ki maimaita shi har sai kin yi ba tare da kin tambayi kowa ba. Wata na biyu ki shiga dambu da ɗanwake da waina da alale da fate. Dambu ki kula, sau biyu ake turara shi, na farko tsakin kaɗai, sannan a juye a haɗa da zogale da albasa da mai da kayan ɗanɗano a mayar madambaci. Daga nan ne shirin talabijin zai yi miki amfani, don kin riga kin san wuta, kin san gishiri, in kin ga abu za ki gane inda aka tsallake. Sai ki zaɓi abu ɗaya a sati daga Akushi da Rufi ko wajen Larabawan Maman 'Yan Biyu, ki kalla sau biyu, ki rubuta, ki gwada da rabin awo don kar a yi asara in ya ƙi. Kuma kar ki taɓa gwada sabon girki ranar da za ki yi baƙi. Wannan ko ni ba na yi.

Fa'iza Naibawa: A ƙara da kunun gyaɗa da na tsamiya, azumi ba ya jira.

Zee Rijiyar Zaki: Ni kuma a bar min wata na huɗu in koya mata jera faranti 😌

Hajiya Inna Yakasai: Amarya, wa zai yi miki kayan gara? In saya za a yi, to. Amma ko don gaba ya kamata ki ga yadda ake alkaki da nakiya da idonki. Alkaki ba ya son gaggawa: alkama ce ɓarzajjiya, a murza ta da mai, a kwaɓa da tsami ta kwana, da safe a sa ruwan kanwa a buga har ta yi danƙo, a naɗa, a soya a wuta marar ƙarfi don cikin ya soyu, sannan a tsoma a zuma ko dafaffen sukari mai tsamiya. Na ga ana nunawa a waya cikin minti ɗaya, ana kiɗa. Ranar Asabar mai zuwa za mu yi na bikin jikar ƙanwata a gidana. Ki zo da safe, ki taho da zanin aiki, ki cire zobe. Duk mai so a zauren nan ma ta zo, tsakar gidan da faɗi.

Ummi Ɗorayi: Wayyo Hajiya na gode, Allah ya ƙara girma. In sha Allahu da ni. Ƙarfe nawa?

Hajiya Inna Yakasai: Takwas. Ba takwas ɗin 'yan boko ba.

Maman Haidar: Ni ma zan zo da littafina. Anti Bilki ki taho da gwangwaninki, duk abin da Hajiya ta ɗiba da hannu mu tare mu auna kafin ya shiga kwarya.

Anti Bilki mai girkin biki: Ina da aikin suna a Hotoro da azahar, amma zan leƙo da safe. Jikar Hajiya ta tura wa kowa kwatance ta gefe, kar a sa a zaure.

Zee Rijiyar Zaki: Hajiya in ɗauki bidiyo?

Hajiya Inna Yakasai: Ki ɗauki hannu da kwarya, ban da fuska. Kuma wadda ta riƙe waya ita za ta wanke kasko.